Mashayin da Ke Son Dainawa, Wace Ƙofa Zai Ƙwanƙwasa?

A ƙasar Hausa, da an ambaci shaye-shaye sai hankali ya tafi ga ƙwaya da wiwi da kodin da sholisho. Giya kuwa mun jingina ta ga wasu: ta Sabon Gari ce, ta bariki ce, ta baƙi ce. Amma duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Mami da daddare, ko ya leƙa rumfunan bayan tasha, ya san ba baƙi kaɗai ke sha ba. Akwai magidanta masu jikoki, akwai ma'aikatan ofis da direbobi da ɗalibai, har da matan aure da ake sayo musu a ɓoye. Wani yana juye ta cikin robar lemo, wani yana yawo da 'yar leda a aljihu, ya bi ta da goro da turare kafin ya yi sallama a gida. A ƙauyuka akwai burkutu, a Jos akwai goskolo, ga ogogoro da ba a san abin da aka zuba a ciki ba. Tun da jihohin Arewa 12 suka rungumi shari'a, bayan Zamfara ta buɗe hanya a 1999, sayar da giya a bainar jama'a ya ja baya a wurare da yawa, kuma lokaci-lokaci mukan ga hotunan Hisbah tana farfasa kwalabe. Wanda ba ya fitowa a hoton shi ne mutumin da jikinsa ya riga ya saba, wanda fasa kwalbar bai raba shi da ƙishirwarta ba.

A kan wannan mutumin nake son yin magana, musamman wanda ya gaji. Ya sha yin rantsuwa a gaban mahaifiyarsa, ya sha ɗaukar wa matarsa alkawari, ya yi azumin wata guda cur bai kurɓa ba, sai ga shi kwana uku bayan salla ya koma ruwa. Wa'azi kam ya ji shi. Tun yana makarantar allo ya san haramun ce, kuma ya fi kowa sanin abin da ta yi wa aljihunsa da mutuncinsa. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai zauna ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki, ba tare da an zare masa ido ko an kai labarinsa gaba ba. Ra'ayina shi ne, rashin irin wannan wurin zama, na waɗanda suka daina sha da masu fafutukar dainawa, shi ne babban giɓin da ke cikin duk abin da muke yi game da shaye-shaye, kuma cike shi bai fi ƙarfinmu ba.

Mu duba abin da muka tanadar masa. Da farko zaman nasiha: a tara manya a zaure, a sa shi a tsakiya, kawu ya yi faɗa, gwaggo ta yi kuka, a tuna masa sunan gidan da ya fito. Ya sunkuyar da kai ya ce in Allah ya yarda ya bari, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Idan hakan bai yi ba, in ba shi da mata, sai a ce a yi masa aure zai natsu, a ɗauko 'yar mutane a jefa ta cikin wahalar da ba ta san mafarinta ba. In ya ci gaba, sai a ce ba yin kansa ba ne, hannu aka sa masa, a shiga neman rubutu da hayaƙi. Idan tura ta kai bango, sai gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Cikin makonnin da suka biyo aka buɗe irinsa a Daura da Katsina. Da yawa daga waɗanda aka samu a ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko kangara. Ban zargi iyayen nan da rashin ƙauna ba. Sun nemi mafita ne, sarƙa kaɗai aka nuna musu.

Kafin in zo kan batun wurin zaman, akwai gargaɗin da ya zama dole kowane gida ya sani. Mutumin da ya yi shekaru yana sha kullum, bai kamata ya yanke ta farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki ba. Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar da ta daɗe a danne takan ƙara ƙaimi don ta ci gaba da aiki. Ranar da aka janye giyar gaba ɗaya, ƙaimin nan ba ya sauka nan take. Cikin sa'o'i kaɗan hannu ya fara karkarwa, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, barci ya ƙaurace. Wasu sukan faɗi da jijjiga irin ta farfaɗiya a kwana na farko ko na biyu. Wasu kuma, daga kwana na biyu zuwa na huɗu, sukan rikice, su yi ta sambatu, suna ganin ƙwari ko macizai a bango. A nan ne 'yan'uwa kan ce iska ce ta taɓa shi, alhali ciwo ne da likitoci suka sani sarai. Yana kisa idan aka bar shi, yana kuma jin magani idan an kai mutum da wuri.

Saboda haka, ga mai sha sosai, matakin farko asibiti ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Akwai Dawanau a Kano, akwai kuma sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da Shika da Jos. A can ake ba da maganin da ke kwantar da jijjigar, da bitamin B1 wanda yawan sha ke ƙarar wa jiki, a duba hanta da hawan jini. Akwai ma magungunan da ke rage ƙawar giya, waɗanda likita ne ke rubuta su. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kuma ba shi kaɗai ba ne a duniya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce kimanin mutum miliyan 400 ne ke fama da matsalar shan giya, miliyan 209 daga cikinsu jikinsu ya riga ya dogara da ita, kuma tana da hannu a mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekara.

Sai dai aikin asibiti yana da iyaka. Cikin mako ɗaya ko biyu ana iya raba jiki da giya. Abin da likita ba zai iya bin mutum gida ya yi masa ba shi ne cike masa lokacin da ya saba sha. Na ga wannan a kan wani ƙanena, makaniken mota, wanda muka tashi gida ɗaya. Da aka sallamo shi ya yi fes, fuskarsa ta ciko, kowa a gida yana hamdala ana cewa ya warke. Da rana ba shi da damuwa, yana ƙarƙashin mota da sifana a hannu. Wahalar tana farawa ne bayan magariba, idan an rufe gareji. Majalisar da ya shekara da shekaru yana zama, kowa a cikinta mashayi ne. Majalisar ƙofar gida kuwa, da ya doso sai hira ta tsaya, ko wani ya jefa masa habaici cikin wasa. A ɗaki, matarsa tana shinshinar numfashinsa duk sanda ya shigo, kuma tana da dalilinta. Ya taɓa ce mini mu muna tausaya masa ne kawai, amma ba mu gane abin da yake faɗa ba, domin in ya ce mana kwalba na kiran sa, amsarmu ɗaya ce: ya yi a'uziyya.

Abin da ya riƙe shi ya zo ne daga inda babu wanda ya tsara. A layin ganin likita ya haɗu da wani dattijo, tsohon direban tanka, wanda ya daɗe da dainawa. Suka yi musayar lambar waya. Dattijon ya ce masa duk daren da abin ya taso masa ya kira shi kafin ya fita, ko ƙarfe nawa ne. Ya kira, dattijon kuwa ya ɗauka. Bai yi masa faɗa ba, bai ja masa aya ba, sai ya ba shi labarin nasa daren da ya fi wannan muni da yadda ya kai asuba. Daga nan suka riƙa haɗuwa a teburin wani mai shayi, wani ya kawo wani, suka zama 'yan ƙalilan masu ranar zama. Ƙanen nan nawa ya taɓa zamewa ya sha. Washegari kunya ta hana shi zuwa, su suka biyo shi har gareji suka ce kujerarsa tana nan. Babu ɗayansu da ya san cewa abin da suke yi yana da suna da tarihi a wasu ƙasashe.

A watan Mayu na 1935, wani dillalin hannun jari daga Niyok mai suna Bill Wilson ya je garin Akron na jihar Ohio a Amurka kan wata harkar kasuwanci, harkar ta rushe. Watanni kaɗan ke nan da ya daina sha, ga shi shi kaɗai a otal, ga mashaya a gefe. Sai ya fahimci cewa in bai samu wani mashayi ya yi magana da shi ba, komawa zai yi. Ya yi ta buga waya har aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Dokta Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya yarda zai ba shi minti 15, sai suka kwashe sa'o'i suna magana. Ranar 10 ga Yuni, 1935, ranar da Dokta Bob ya yi kurɓarsa ta ƙarshe, ita ake ɗauka ranar kafuwar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. A 1939 suka buga littafin da ya shimfiɗa matakansu 12. Yau ƙungiyar tana da kimanin mutum miliyan 2 a ƙasashe wajen 180. Abin lura a labarin shi ne, Wilson ya nemi likitan ne don ya tsira da kansa, kuma a cikin hakan su biyun suka tsira.

Taron nasu ba shi da wani ƙawa. Mutane ne a ɗaki, kamar awa guda, a rana da lokacin da ba sa canzawa. Kowa sunansa na farko kaɗai yake faɗa. Sharaɗin shiga ɗaya ne: mutum yana son ya daina sha. Ba a biyan kuɗin rajista, ba a rubuta sunaye. Akan zagaya da ɗan kwano kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa don shayi da hayar ɗaki, kuma ƙa'idarsu ce ba sa karɓar tallafi daga waje, ko na gwamnati ko na attajiri, don kada wani ya mallake su. Wanda ke jan zaman shi ma mashayi ne da ya daina. Kowa labarin kansa yake bayarwa, ba a katse shi, ba a yanke masa hukunci, wanda bai shirya magana ba ya yi shiru ya saurara. Sabon zuwa yakan zaɓi wani da ya daɗe ya zama majinginarsa, wanda zai kira idan dare ya yi tsawo. Ba a nemansa da rantsuwar har abada. A yau kaɗai ake so kada ya sha, gobe kuma a sake ɗaura niyya. Tsarin ya yi kama da adashi: kowa yana zubi, kowa yana da ranar kwasa, kuma babu wanda ke yi wa wani alfarma.

Ko yana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane, wadda ke tace binciken likitanci, ta fitar da nazarin da John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. Sun gano cewa idan ma'aikatan lafiya suka bi tsari wajen haɗa majiyyaci da irin wannan taro, kimanin 42 cikin 100 sukan kai shekara ba su sha ba, yayin da waɗanda aka bi da su ta wasu sanannun hanyoyin ba da shawara suka tsaya a wajen 35 cikin 100, kuma da kuɗi kaɗan. Alƙaluman sun faɗi abu biyu, dole a ji su duka. Taron yana taimako na gaske. Amma fiye da rabi sukan zame a hanya, don haka ba laya ba ce, kuma ba ya maye gurbin likita. A ganina sirrinsa ba ɓoyayye ba ne ga Bahaushe, wanda ya daɗe da sanin cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mutum ba ya barin majalisa sai ya samu wata.

Na san za a ja da ni, kuma masu ja suna da abin faɗa. Na farko za su ce abin Nasara ne. Gaskiya ne a cikin Kiristoci aka haife shi. Waɗanda suka kafa shi sun fito ne daga wata ƙungiyar farfaɗo da addinin Kirista mai suna Oxford Group, kuma har yau tarurruka da yawa a ɗakunan coci ake yin su, wasu ma da addu'ar Kirista suke rufewa. Ga 'yan'uwanmu Kiristoci wannan sauƙi ne, Musulmin da abin ya tsaya wa a rai kuma bai yi laifi ba. Amma Musulmi a wasu wurare ba su tsaya a ƙorafi ba. A 1989 wasu Musulmi a birnin Baltimore suka kafa Millati Islami, suka sake gina matakan a kan tauhidi da salla da tuba. A Iran, ƙungiyar Narcotics Anonymous, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1953 don masu shan ƙwaya, ta bazu tun daga shekarun 1990 har ƙasar ta shiga sahun gaba a duniya wajen yawan tarurruka. Wanda kuma ba ya son a haɗa masa da zancen addini, akwai tsarin SMART Recovery da aka fara a 1994. Idan ka duba jigon matakan nan, wato amincewa da gazawa, komawa ga Ubangiji, yi wa kai hisabi, neman yafiyar waɗanda aka cuta da mayar musu da haƙƙinsu, za ka ga ɗalibin da ya karanta sharuɗɗan tuba ba zai ji baƙon abu ba.

Addinin da ya haramta giya ma bai yi wa mashayi kallon da muke yi masa ba. Haramcin a hankali ya sauka: aka fara da nuna cewa cutarwarta ta fi amfaninta a Suratul Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, sannan hani na ƙarshe ya zo a Suratul Ma'ida. Kuma Imam Bukhari ya kawo labarin wani sahabi da ake yawan kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda sha. Da wani ya tsine masa don yawan komawarsa, Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Mu kuwa sau da yawa korar muka riƙe.

Na biyu za su ce an umarce mu da rufa wa kanmu asiri, don me mutum zai zauna cikin mutane yana fallasa zunubinsa? Abin da aka hana shi ne alfahari da saɓo da tallata shi. Wanda ya je wurin malami neman fatawa, ko wurin likita neman magani, yana faɗin abin da ya aikata, babu mai cewa ya tona asirin kansa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Hasali ma rufin asiri shi ne ginshiƙin taron: abin da aka ji a ɗakin, da fuskar da aka gani, a ɗakin suke tsayawa. Asirin mashayi ya fi tonuwa ranar da aka tsince shi a kwata, ko aka kore shi daga aiki, fiye da ranar da ya yi magana a gaban mutum biyar da kowannensu ya taɓa kwana a inda ya kwana.

Na uku shi ne tsoro, kuma shi ya fi nauyi. A jihohin shari'a hukuncin shan giya bulala 80 ne bisa mazhabar Malikiyya. Wa zai shiga ɗaki ya ce shi mashayi ne, in yana zaton za a iya yi wa ɗakin dirar mikiya, ko wani ya ɗauke shi a waya ya watsa? A nan nake roƙon shugabannin Hisbah da malamanmu da su fito fili su bambanta mashaya da wurin masu neman barin sha, su ce wannan zama yana cikin amana. Kalma ɗaya daga mumbari za ta buɗe bakin da shekaru suka kasa buɗewa.

To, ɗan'uwana mai neman irin wannan zama, ta ina za ka fara? Fara daga asibitin da ke kula da masu shaye-shaye mafi kusa da kai. Kada ka tsaya ga karɓar magani. Tambayi likita ko nas ko jami'in walwala kai tsaye: akwai zaman da waɗanda aka sallama ke yi? In babu, ko za su haɗa ka da wani tsohon majiyyaci da ya daɗe bai sha ba, in ya amince? Hukumar NDLEA tana da sassan ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, da layin waya na kyauta da ta buɗe a 2022; ko da yake ƙwaya ce babban aikinta, suna iya nuna maka hanya. A Legas da Abuja ana yin tarurrukan AA, galibi da Turanci. A ƙasashen da ake Faransanci, kamar Nijar da Kamaru da Chadi, da sunan Alcooliques anonymes ake neman su. In taron masu barin ƙwaya ka samu, shiga, domin a wurinsu giya ma ƙwaya ce. Akwai kuma tarurrukan da ake yi ta intanet dare da rana, inda za ka iya rufe kyamara ka saurara kawai. Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Kowane taro da irin mutanensa, in wannan bai karɓe ka ba, gwada wani.

Ka kuma san na ƙwarai daga na bogi, domin duk inda ake da masu rauni, macuta ba sa nisa. Wurin da aka ce sai ka biya kafin ka zauna, ko ake sayar maka da wani haɗi a jarka, ko ake kulle ƙofa da kwaɗo daga waje, ko ake ɗaukar hoto don nuna wa masu ba da tallafi, ko aka ce ka watsar da maganin da likita ya rubuta maka, tashi ka bar shi. Taron gaskiya ba shi da maigida. Ranar da ka ga dama ka zo, ranar da ka ga dama ka tafi.

'Yar'uwata mai wannan matsala, na san naki nauyin ya ninka. Namiji in ya sha a ce Allah ya shirye shi, mace in ta sha a ce ta lalace, aurenta da 'ya'yanta duk suna kan siraɗi. Shi ya sa mata ke ɓoyewa har sai hanta ta tona. Mata suna buƙatar zamansu na kansu, mace ta jingina da mace, a wurin da shigarsa ba zai jawo tambaya ba, kamar wani ɗaki a asibitin mata ko makarantar Islamiyya bayan an tashi. Haka su ma matan mashaya da iyayensu da 'ya'yansu, waɗanda ke kwana da fargabar ƙarar buɗe ƙofa. A 1951 Lois Wilson, matar Bill, ta haɗu da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon don iyalai, saboda ta gane cewa dainawar miji ba ta goge abin da shekarun sha suka bari a zuciyar gida.

Inda babu taro, a kafa. Ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko bikin buɗewa. Mutum biyu da suka ƙudura, ɗaki, tabarma ko benci, rana da lokaci tsayayyu, butar shayi, da alkawarin riƙe amana. Abin da ya rage wa sauranmu kaɗan ne. Limamai da fastoci su ba da aron ajin da ke kulle bayan isha'i, su kuma danne sha'awar shiga su yi wa'azi, domin wa'azi yana da wurinsa, wannan awa guda ta masu ciwon ce. Asibitoci su daina sallamar mutum da takardar magani kaɗai. Kowane sashe ya ware ɗaki da rana, ya sa sabon da aka sallama a hannun tsoho. Masu unguwanni su kare wurin daga 'yan sa-ido. Marubutanmu da masu gidajen rediyo su samar da bayanin wannan tsari da Hausa mai daɗin ji, wanda makanike da ɗan dako za su saurara su ce da su ake. Mu 'yan jarida kuma mu bar kyamara a waje.

Amma duk wannan shimfiɗa ce. Ainihin aikin yana hannun wasu mutane da ke cikinmu, waɗanda ba mu san su da wannan ba. A kowane gari akwai dattijon da ke sahun farko a masallaci, ko mai jan waƙa a coci, ko hajiyar da ake girmamawa a unguwa, waɗanda suka taɓa shan wannan wuya, Allah ya fitar da su, suka binne labarin. Ba na neman ku hau mumbari ku faɗa, asirinku naku ne. Ina roƙon ku da abu ɗaya: kun san yaron nan ko magidancin nan da kowa ya sallama, kun kuma gane alamun da sauran mutane ba sa ganewa. Ku ja shi gefe, ku gaya masa ku ma kun bi ta nan, ku ba shi lambar wayarku, in ya kira cikin dare ku ɗauka. Likita yana da magani, malami yana da nasiha, hukuma tana da doka, amma cewa "ni ma na sha, ga yadda na fita" ku kaɗai kuke da ita, kuma akwai wani a yau da ita kaɗai yake jira ya ji.